Likita ya ce Adda ba za ta warke ba, to mene ne amfanin kai ta kine?

"Assalamu alaikum. Ina rubutowa daga Garwa a kan yayata, wadda muke kira Adda. Shekarunta 44, tela ce, 'ya'yanta biyar. Yau wajen shekara shida ke nan ƙafarta ta dama ta fara nauyi tana jan ta, abin yana ƙaruwa a hankali, bai taɓa lafawa ba. Mun yi na gida mun yi na asibiti, daga baya muka kai ta Yawunde aka yi mata hoton IRM, wanda na'ura ke ɗauka na cikin jiki, aka ɗebi ruwan bayanta. Likitan jijiya ya ce sclérose en plaques ce, irin mai ci gaba, kuma ba a warkewa. Ya rubuta magani, ya ce a riƙa kai ta kine, wato wurin ma'aikatan lafiya masu gyaran jiki ta hanyar atisaye da motsa gaɓoɓi. Yanzu da ƙyar take kaiwa ƙofar gida da sanda. In rana ta take ko tashi ba ta iyawa. Fitsari yana kufce mata har ta rage shan ruwa, ɗinkin ma ta ajiye. Maigidanta ya ce tunda ba warkewa za a yi ba, a bar ta ta huta, kada a wahalar da ita a kuma zubar da kuɗi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Don Allah, me kine zai yi wa wanda aka ce ba zai warke ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Adda sauƙi, ya saka maka da alheri a kan wannan tsayuwa da ka yi mata. In na fahimce ka, abin da ya tsaya maka a rai shi ne: tunda likita da bakinsa ya ce cutar gaba take yi, me ya rage da za a wahalar da mara lafiya a kansa? Kine shi ne aikina a nan arewacin Kamaru, kuma maganar da maigidanta ya yi na sha jin ta daga bakin mutanen kirki. Ba rashin tausayi ba ne. Sai dai irin tausayin nan ne da ke kwantar da mutum tun lokacin kwanciyarsa bai yi ba.

Ba zan yaudare ka ba: babu motsa jiki, babu tausa, babu na'urar da za ta maido da jijiyar da ta riga ta lalace. Amma raunin da kuke gani a jikin Adda yau ba dukansa ne cutar ta kawo da hannunta ba. Wani na zama wuri ɗaya ne, wani na zafin gari, wani na mafitsara da ƙishirwar da ta ɗora wa kanta, wani kuma na karyewar zuciya. Wannan kason ana iya ƙwato shi, kuma sau da yawa ya fi yadda iyali suke zato.

Abin da ke faruwa a jikinta

Jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka, wato igiyar nan da ta bi ta tsakiyar ƙashin baya, da yawansu suna da rufi mai maiƙo da ke sa saƙo ya yi sauri. A wannan cuta, wadda masu Faransanci ke gajarta sunanta SEP, masu Ingilishi kuma MS, garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa rufin, ta bar tabo nan da can. Saƙon da ƙwaƙwalwa ta aika wa ƙafa sai ya iso a makare, ko ya iso rabi, ko ya maƙale a hanya. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta a 1868. Ƙididdigar 2020 ta nuna mutum kimanin miliyan 2.8 ke fama da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma ta fi yawa a Turai da Amurka ta Arewa. Ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya ko kwana ɗaki ɗaya, don haka kada a ware mata kofi.

Galibin masu ita zuwa take yi ta lafa: ido ya dushe na 'yan makonni ya dawo, hannu ya mutu ya farfaɗo. Wasunsu bayan shekaru sai ta rikiɗe ta koma tafiya a hankali ba tsayawa. Akwai kuma kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari da tun farko haka take soma musu, galibi a wajen shekara 40, galibi daga ƙafafu. Bayaninka ya yi kama da wannan.

Tunda likitan jijiya ya duba ta, ya ga hoto da ruwan baya, ba ni da ta cewa a kan hukuncinsa. Fanninsa ne, ni ko ganin Adda ban yi ba. Amma saboda sauran masu karatu zan faɗi wani abu: a yankinmu in mutum ya zo yana jan ƙafafu, SEP ba ita ce farkon abin zargi ba. Waɗanda na yi aiki da su aka tabbatar SEP ce 'yan kaɗan ne in an kwatanta da masu shanyewar ɓarin jiki da masu tarin fukan ƙashin baya. Akwai ƙanjamau, akwai ƙarancin bitamin B12, akwai ƙashin wuya da ke danne laka, akwai tsargiya da ƙwanta ke kaiwa laka, musamman ga masu shiga ruwa a Lagdo da Maga da gonakin shinkafar Yagwa. Da yawansu suna da magani. Kada wani ya karanta wannan ya yanke wa kansa hukunci daga ɗaki.

Game da maganin rage gudun cutar, a 2017 Amurka ta amince da ocrelizumab, na farko ga irin ta Adda. Ƙarin ruwa ne duk wata shida. A gwajin da aka yi ya rage haɗarin ƙaruwar nakasa da kusan kashi ɗaya bisa huɗu, bai tsayar da ita ba, ga shi da tsadar da ta fi ƙarfin talaka. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa rituximab da wasu biyu cikin jerin muhimman magungunan SEP. Ko wani cikinsu ya dace da Adda, likitan jijiya ne zai faɗa, kuma sai an gwada ciwon hanta nau'in B da tarin fuka kafin a soma, domin suna raunana garkuwa. Ko an samu ko ba a samu ba, abin da zan faɗa a ƙasa yana nan daram.

Abin da kwanciya ke ci

Maigidan Adda yana da abokan ra'ayi a tarihi, domin da can likitoci ma hutu suke rubuta wa mai SEP. Wani gwaji da aka buga a Amurka a 1996 yana cikin waɗanda suka juyar da wannan tunani: motsa jiki bai tayar da cutar ba, ya ƙara wa masu ita ƙarfi da walwala. Shawarar masana a yau ita ce a nemi minti 150 na motsi a mako, a gutsuttsura shi gwargwadon hali. Gaskiya ne yawancin binciken an yi shi a kan masu nau'in da ke zuwa ya lafa, kuma a nau'i mai ci gaba ribar ba ta kai haka ba. Amma akwai wanda ya shafe mu kai tsaye. A Ingila, a 2019, an buga sakamakon gwaji a kan mutum 140 masu nau'i mai ci gaba, waɗanda da ƙyar suke takawa ko suna kan keken guragu. Rabinsu an ba su wani katako na tsayuwa a gida, mai riƙe gwiwa da ƙugu, suna tsayawa minti 30 sau uku a mako har mako 20. Waɗanda suka tsaya sun fi sauran riƙe ƙarfin ƙafa da na gangar jiki. Ba tashi suka yi suna gudu ba. Amma tsayuwa ce kawai, a cikin abin da kafinta mai basira zai iya haɗawa in ma'aikacin kine ya zana masa.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tsokar da aka daina aiki da ita tana zubewa cikin makonni, ko ta mai lafiya ce. Agara tana gajarcewa har dunduniya ta ƙi taɓa ƙasa. Gwiwa da kwatangwalo su ƙage a lanƙwashe. Ƙashi ya yi rauni, ciki ya ɗaure, numfashi ya gajarce. Bayan wata shida iyali su ce cuta ta ci gaba, alhali rabin abin kwanciyar ce ta ci.

Aikin da nake ba masu irin halin Adda ba shi da ado. Ta zauna a kujera mai ƙwari, ta miƙe, ta koma, tana dafa wani abu, sau biyar ko takwas, ta huta, ta sake. Wannan shi ne uban atisaye, domin ranar da mutum ya kasa tashi daga zaune ranar ya koma hannun mutane. Ta kwanta rigingine ta lanƙwashe gwiwoyi ta ɗaga ƙugu. Ta yi rub da ciki na ɗan lokaci kowace rana don gaban cinya ya miƙe. A miƙar mata da sha-raɓa, da bayan cinya, da cikin cinya, a hankali, a riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60, ba fizga, ba a kai ga zafi. Tafiya kuma gajera-gajera, da kujera a ajiye a ƙarshen hanya. Ma'aunin da nake ba iyali shi ne: gajiyar atisaye ta wuce cikin awa biyu. In ta kwana da ita har washegari, an yi yawa, a rage, amma kada a daina.

Ku auna mita takwas a tsakar gida, ku sa alama. Sau ɗaya a wata, da safe, da sandar da ta saba, ka duba daƙiƙa nawa take ɗauka, ka rubuta. A wannan cuta in lambar ta tsaya wuri ɗaya wata da watanni, riba ce aka ci. In kuma ta yi tsalle cikin mako guda, akwai wani abu daban da ya shigo, zan zo kansa.

Sandarewar ƙafa da fizgar dare akwai maganinsu, irin su baclofen. Abu biyu nake so ku sani. Wani lokaci wannan taurin shi ne ke riƙe mai rauni a tsaye, in aka cika magani ƙafa sai ta saki gaba ɗaya, don haka ana hawa da shi kaɗan-kaɗan ne. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya, yana iya jawo farfaɗiya da ruɗewa.

Sai abin da nake roƙo a bari. Gashi da ruwan zafi, sirace, kwanciya kusa da garwashi: zafi yana ƙara kashe ƙafar, kuma fatar da ba ta ji sosai tana ƙonewa mai ita bai sani ba. Tsaga da ƙaho a ƙafar da jini ba ya zagaya ta yadda ya kamata gyambo suke bari. Tramol da ƙwayoyin kumbura jiki irin su dexamethasone da ake saye a bakin kasuwa, na farkon yana kama mutum ya ɗaure masa ciki, na biyun in an daɗe ana sha yana cinye tsoka da ƙashi ya kawo ciwon suga. Addu'a da tofi kuwa ba su hana komai cikin aikinmu, a ci gaba da su.

Zafin Garwa

Abin da ka ce, in rana ta take ba ta iya tashi, sananne ne. Wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya bayyana shi tun 1890. Jijiyar da rufinta ya zaizaye da ƙyar take isar da saƙo, to in zafin jiki ya hau ko da rabin digiri ne sai saƙon ya tsaya cik. Da jiki ya huce sai ya dawo. Ba sabuwar ɓarna ba ce, kuma yana da kyau Adda ta san haka, domin tsoron cewa kullum azahar cutar na ƙaruwa shi kansa ciwo ne.

A garin da Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ranarta ta juye: atisaye, wanka, duk wani aiki mai nauyi, daga sallar asuba zuwa hantsi. Daga azahar zuwa la'asar inuwa da hutu, ba tare da jin kunya ba. Ɗakin kwano mara silin da rana tanderu ne, gara rumfar zana ko gindin darbejiya. Sa'armu ɗaya, zafinmu na bazara busasshe ne, don haka jiƙaƙƙen zane a wuya da kafaɗu, da mafici ko fanka, yana sanyaya jiki sosai. Ruwan randa ta riƙa kurɓa kafin atisaye da lokacinsa. Ta tsoma ƙafafu da hannuwa a bokitin ruwa mai sanyi kafin ta fita unguwa. In da hali a samu ƙaramar fanka mai aiki da hasken rana, saboda wuta ba ta da tabbas a daidai lokacin da aka fi bukatarta. In kuma kuna da dangi a Ngaundere, wadda ke kan tudu sama da mita dubu, ta je ta yi bazara a can, za ku ga bambanci da idonku.

Gajiyar SEP ba lalaci ba ce, kuma barci ba ya kore ta. Ƙarfin da Adda ke tashi da shi da safe kamar kuɗin cefane ne, ƙididdigagge: in ta kashe shi a shara da wanke-wanke, babu abin da zai rage na zuwa suna ko zama da 'ya'yanta. Ita za ta zaɓi inda za ta kashe shi, ba ku ba.

Fitsari, da ruwan da ta daina sha

A duk wasiƙarka nan ne hankalina ya fi tashi. Yawancin masu SEP suna samun matsalar mafitsara, kuma kusan kowa dabarar da yake fara yi ita ce ta Adda: a rage ruwa. A zafin Garwa wannan haɗari ne. Fitsari ya yi kauri ya ƙara tsokanar mafitsara, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, ciki ya ɗaure, gajiya ta ninku, ƙoda ta wahala.

Matsalar iri biyu ce, kuma suna iya haɗuwa a mutum ɗaya. Ko mafitsara tana matsewa tun ba ta cika ba, ko kuma ba ta juyewa duka, saura ya kwanta a ciki. Daga waje ba a bambance su, duka yawan fitsari da kufcewa ne. Abin da ke raba gardama shi ne eko, wato irin hoton da ake yi wa mai juna biyu, a duba mafitsara nan take bayan ta yi fitsari. Wannan ba sai an je Yawunde ba. In abin da ya rage ya haura mililita 100, maganin kwantar da mafitsara irin su oxybutynin zai ƙara dagula lamarin. Abin da ya dace a nan shi ne a koya mata sa siririyar robar fitsari da kanta, ta juye ta cire, sau 'yan kaɗan a rana, da hannu wankakke. Mata da yawa suna jin abin ya yi musu nauyi da farko, shi ya sa ya kamata ma'aikaciyar jinya mace ta koya mata a keɓe. Ya fi robar da ake bari a jiki wata da watanni aminci nesa ba kusa ba.

Kafin nan, ta koma shan ruwa, aƙalla lita ɗaya da rabi zuwa biyu, fiye da haka a bazara, mafi yawansa da safe da rana, ta sassauta bayan magariba. Ta riƙa zagayawa duk awa biyu ko uku ko ba ta ji ba. Shayi mai kauri, kofi da goro suna tsokanar mafitsara, a rage. Don ciki kuma, miyar kuɓewa, zogale, rama, wake da gwanda, da zama a bayan gida a lokaci ɗaya kullum bayan karin kumallo.

Akwai wani magidanci da nake bi, wanda cikin 'yan kwanaki ya tashi daga tafiya da sanda ya koma sai an ɗauke shi. Iyalinsa har sun fara kiran dangi. Da aka gwada fitsari sai ga ciwon sanyin mafitsara da ɗan zazzaɓi. Aka ba shi maganin da ya dace, kafin mako biyu ya koma kan sandarsa. Nau'i mai ci gaba tafiyar wata da shekara yake yi. Duk lalacewar da ta zo cikin kwanaki, a fara neman zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ɗaurewar ciki, ko wani rauni a fata. Zazzaɓi da ciwon kwiɓi, ko fitsari ya tsaya gaba ɗaya, wannan na asibiti ne a ranar.

Sanda, keke da fasalin gida

Faɗuwa ɗaya da ta karya kwatangwalo tana iya rushe aikin shekara. Ka zagaya gidan da idon mai jan ƙafa: dokin ƙofa mai tudu, tabarma mai naɗaɗɗen baki, igiyar shanya, santsin bakin rijiya, duhun hanyar bayan gida. Silifas yana zamewa daga ƙafar da ba ta ɗaguwa, a sama mata takalmi mai riƙe dunduniya. In yatsu suna shurin ƙasa, akwai tallafin roba da ake sawa a bayan ƙafa cikin takalmi, masu haɗa kayan nakasassu suna yin sa daidai ƙafar mutum. Sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙe ta, wato hagu ga Adda, tsawonta daidai wuyan hannu in ta tsaya.

Masai na tsugunno shi ne wurin da ya fi kayar da masu irin wannan ciwo. Kafinta ya huda kujerar katako a ɗora a kai, a kafa ƙarfen dafawa a bango. Wanka a zaune. Gado kada ya yi ƙasa, domin tashi daga katifar ƙasa yana cinye ƙarfin rabin safiya.

Keken guragu kuwa, na san yadda sunansa kaɗai ke sa gida ya yi tsit. Ra'ayina shi ne a kawo shi da wuri, tun tana takawa. A cikin gida ta yi tafiyarta da sanda, keke kuma na biki ne da ta'aziyya da asibiti. Na ga matan da suka ƙi shi saboda idon jama'a, suka shekara ba su leƙa ƙofar gida ba, kuma wannan zaman ya fi keken nakasa su. In ranar dogon zama ko kwanciya ta zo, a kula da fata: matashi mai laushi, sauya kwanciya duk awa biyu, duba ɗuwawu da dunduniya kullum. Jan da bai ɓace ba bayan an ɗauke nauyi, gyambo ne ke sallama. In ta fara ƙwarewa da ruwa ko tari wajen cin abinci, ta ci a zaune sosai, a ba ta mai kauri kamar kunu, a kuma sanar da likita.

Zuciyarta, sallarta, kekenta na ɗinki

Kusan rabin masu SEP suna gamuwa da ciwon damuwa a wani lokaci na rayuwarsu, wani daga halin da suka shiga, wani daga tabon da ke ƙwaƙwalwar kanta. Ba raunin imani ba ne, kuma yana jin magani. In Adda ta daina cin abinci, ta daina hira, ko ta fara cewa gara ta mutu ta huta da ɗora wa mutane nauyi, kada a ce mata ta yi haƙuri kawai a wuce. A gaya wa likita. Mantuwa da jinkirin fahimta ma suna zuwa wa wasu. A yi mata magana ɗaya bayan ɗaya, a bar ta ta gama tunaninta.

Salla tana damun marasa lafiyarmu fiye da yadda suke faɗa. Hadisin Imrana ɗan Husaini sananne ne: a yi a tsaye, in ba a iya ba a zaune, in ba a iya ba a kishingiɗe. Malamai sun yi bayanin sauƙin da aka yi wa mai yoyon fitsari a alwala, da rangwamen azumi da ciyarwa ga mai ciwon da ba a sa ran warkewarsa. Ku kawo malamin da ta yarda da shi ya faɗa mata da bakinsa. Ta ɓangarena dai, azumi a tsakiyar bazara ga mai mafitsara irin tata abu ne da sai an yi shawara da likita.

Ɗinkin da ta ajiye shi na fi so a dawo da shi. Ƙafa ce ta gaza taka keke, ba ido da hannu da gwanintar shekara ashirin ba. Ana ɗaura wa keken ƙaramin inji, ko a mayar da shi na hannu. Tana iya yanka, yarinya ta ɗinka. Tana iya karɓar 'yan koyo. Macen da ake sallama a ƙofarta ana neman aikinta daban take da wadda ake leƙowa a ce mata sannu. Kuma ina roƙonka, kada jinyar ta faɗa kan 'ya mace ɗaya har a cire ta daga makaranta. Ku raba kwanaki a tsakaninku. Mai ɗaga ta ya koyi yi: ba a jan ta ta hannu ko hammata, ana matsowa kusa ne, gwiwa ta tokare gwiwarta, a riƙe ƙugu, ita ma ta taimaka da abin da take da shi.

Maganar kuɗi

A nan maigidanta yana da gaskiya fiye da yadda kake zato. Ɗaukar Adda a babur cikin rana kullum, a kai ta a shafa mata mai a haska mata jar fitila mai zafi a dawo da ita a galabaice, wannan zubar da kuɗi ne, har da cutarwa. In wurin da kuka je abin da ake yi ke nan, ba a sa ta motsa da kanta ba, ba a koya muku komai ba, ku canza wuri.

Abin da ya cancanci kuɗinku shi ne zama kaɗan masu kyau a farko, inda za a auna ta, a tsara mata atisayenta, a koya wa mutum biyu na gida, in da hali ma'aikacin ya zo ya ga gidan da idonsa. Daga nan aikin ya koma tsakar gida, a riƙa komawa duk wata biyu ko uku a gyara tsarin, domin abin da ya dace da ita bana ba lallai ya dace baɗi ba. Ragowar kuɗin ya tafi ga eko na mafitsara, kujerar masai, takalmi da fanka.

Dokar Kamaru ta 13 ga Afrilu 2010 kan kare haƙƙin nakasassu ta tanadi katin nakasa na ƙasa, ana neman sa ta ofishin kula da jin daɗin jama'a tare da takardar likita, ku fara bin sa tun yanzu. Don kayan tallafi da keke akwai cibiyar ƙasa ta gyaran nakasassu da ke Etoug-Ebe a Yawunde, mai sunan Kardinal Léger, akwai kuma gidauniyar Bethléem da ke Muda, kusa da Marwa. Ranar da za ku koma wurin likitan jijiya, ku tafi da takardar daƙiƙoƙin mita takwas ɗin nan, da lissafin kwana uku na ruwan da ta sha da sau nawa ta zagaya, da duk ƙwayar da take sha, har wadda aka sayo a kasuwa. Ku kuma tafi da maigidan, ya ji da kunnensa, ya yi tambayoyinsa.